Maraicen da Zara Ba Ta Fito Ba

Wani hoto ɗalibina ya nuna mini a wayarsa, a kolej ɗin da nake koyarwa a Madawa: ɗigon haske ne, kwazar. Na gaya masa kama da tauraro kawai ya yi. Tauraro wutar kansa yake ci, kamar rana. Kwazar kuwa cibiyar wani taron taurari ce mai nisan gaske, inda baƙin rami ke haɗiyar iska mai zafi, haskenta ya fi na taron duka. Duniyoyi irin su Zara ba su da wuta, hasken rana suke ara, kuma yawo suke yi. Ina faɗin yawon nan sai kakata ta faɗo mini a rai.

A Galma na tashi. Kakata tana da 'yar gonar kuɓewa a fadama, ita ce ranta. Da idonta ya fara hazo, babana ya ce ranar da ta daina gani za ta bar gonar, don akwai rijiyoyi a hanya. Sai ta samo shaida. Kullum bayan magariba takan nuna yamma da sandarta, ta ce, "Ga Zara can, ina ganinta."

A lakwal, makarantar boko, malaminmu da muke kira mushe ya koya mana cewa Zara takan bar yamma ta koma asuba. Na yi ta jira, wallahi da zumuɗi. Bayan girbin gero ta ɓace. Kaka ta ɗaga sanda ta ce, "Ga ta can." Babana ya ce, "Haka ne, Inna," yana kallon ƙasa. Duk gidan sun ga babu Zara, sun yi shiru. Ni ne ɗan boko.

"Babu komai can, Kaka. Yau kwana shida."

Har dariya na yi, na ce ta ƙirga yatsuna. Ba ta ƙirga ba. Ta ajiye sandar a hankali ta ce a kai ta ɗaki.

Tunda an faɗa a fili, babana ya cika maganarsa. Shekara huɗu Kaka ta yi zaune a gindin rumbu, tana ɓarar wake, har ta rasu. Ba ta taɓa zagina ba, amma ba ta sake kirana da sunan wasan da ta raɗa mini ba.

Yanzu fadamar duk albasa ce, injin ban ruwa na ruri, an rufe tsoffin rijiyoyin. Da aka yi rabon gado, gonar a kaina ta faɗo, kuma ban ƙi ba.