Gashin Zabo a Kwalbar Gwamnati

Har gobe ban manta da ranar da tsabta ta kusa kashe mini sana'a ba, ta kuma kusa raba wani bawan Allah da aikinsa. Ku da kuka shigo harkar daga baya kuna yawan tambayata me ya sa na hana a goge kayan kowa a mangazata, ɗakin ajiyar kayana, sai an tambayi mai su. To, ga asalin dokar.

Shekara ta uku ke nan da samun ƴancin kai, cikin watan Oktoba, makarantu sun buɗe. Ina da rumfa a Zongo, nan cikin Yamai, ina sayar da fitilu masu famfo da kayan keke da ƙusoshi. Amma abin da na fi taƙama da shi shi ne kai kayan gwamnati. Kaya sukan taso daga Faransa su sauka Kwatano, jirgin ƙasa ya kawo su Paraku, daga can kamiyo, wato babbar motar kaya, ya biyo da su ta Gaya da Doso har Yamai. Aikina in karɓe su a duwan, wato kwastan, in kai mangaza, in buɗe in duba, sannan in miƙa wa mai su. Akwai takardar karɓa. Ba a sa mata hannu sai mai kaya ya ga komai ya cika kuma yana aiki. Wanda takardarsa ta koma ofis ba sa hannu, ko sau ɗaya ne, ba a sake kiransa.

Ni kuma ina da wata al'ada da ta sa na yi suna. Sauran dillalai kai kaya suke yi da jar ƙasar hanya a jikinsu. Ni sai na kakkaɓe, na goge, na ƙyalƙyale, mutum ya karɓi abinsa kamar daga hannun maƙerinsa.

Ranar wata Talata aka sauke mini akwatuna uku na wani kwaleji da ke hanyar Yantala. Na buɗe na farko, na tarar da ma'aunai da ƴan duwatsun awo da madubai. A na biyu akwai wani famfo na hannu mai tiyo. A na uku, cikin ciyawa, ga wata doguwar kwalba kamar tsawon hannuna da rabi, an rufe bakunanta biyu da murfin tagulla, ɗaya yana da ɗan makunni irin na famfon ruwa. Na ɗaga ta ga haske. A ciki akwai guntuwar dalma mai faɗin kwabo, sai kuma gashin kaza guda, fari.

Na ce a raina, kai, Turawa ma sun fara ƙazanta. Wato suna ɗaure kaya kusa da akurki. Na murɗe murfin da ƙyar, na zazzage gashin, iska ta tafi da shi. A bakin murfin na ga baƙin maiƙo da wani zoben fata da ya yi dauɗa. Na ɓamɓare zoben na yar, na sa tsumma na goge maiƙon tas, na mayar da murfin. Kwalba ta fito fes.

A ƙasan akwatin kuma na sami hotuna huɗu na wasu tsofaffin Turawa. Kamfanoni sun saba jefa kalanda cikin kaya, kyauta ga dillali, don haka na ɗauka hotunan masu kamfanin ne. Na zaɓi wani mai farin gemu da idon tausayi na kafa shi a bangon rumfata, don abokan ciniki su san da manya nake hulɗa.

Laraba da yamma na kai kaya. Wanda zai karɓa wani matashin malami ne, Bazabarme ɗan Saga, Mushe Hamani, don Mushe muke kiran malaman boko da Faransanci. Ni kuwa Bagobiri ne daga Tsibiri, kun san wasan taubasantaka da ke tsakaninmu da Zabarmawa. Tun daga ƙofa ya dubi zanen fuskata ya ce, "A'a, bawana ne aka aiko? Wace kaza ce ta yi maka wannan karce?"

Na ce, "Kazar da ta san ni ubangidanka ne. Zo ka karɓi kayanka, ka koma ka ci zogalenka."

Darasinsa shi ake kira fizik, wato ilimin yadda abubuwa suke faɗuwa da motsi da zafi da haske. Kafin shi Bature ne ke koyar da shi, ya koma gida. Mushe Hamani yana riƙon ƙwarya ne. Ranar Juma'a da ƙarfe goma mai duba malamai zai zo ya zauna a bayan aji ya kalli darasinsa. In ya gamsu, a tabbatar masa da kujerar. In bai gamsu ba, a mayar da shi ƙaramar makaranta, yara kuma su zauna jiran wani malami daga Faransa. Darasin da ya rubuta ya aika wa mai duban kuwa, a kan wannan kwalbar yake.

Ya ɗauko ta yana murmushi, ya juya, murmushin ya ɗauke.

"Ina gashin?"

Na gyara hula. "Na cire maka shi. Ba sai ka gode ba."

Ya zauna a kan akwati. Ya ce, "Bagobiri, daga Faransa gashin nan ya taso. Ya haye teku, ya hau jirgin ƙasa, ya tsira daga ramukan hanyar Doso. Sai da ya zo hannunka."

"Gashin kaza fa?"

"Shi ne darasin! In an zuƙe iskar da ke cikin kwalbar nan da famfo, aka kifa ta, gashi da dalma tare za su sauka ƙasa."

Na yi dariya har da riƙe ciki. Na ce masa ni tun ina saurayi nake loda kaya. Na ga buhun gishiri ya faɗo daga kamiyo, na ga hular shofer mai tuƙa shi ta faɗo, ban taɓa ganin sun iso tare ba. Ya ce ai iska ce ke tallafe hular. Na ce to iskar ƴar'uwar hular ce, da ba ta tallafe gishirin?

Bai kula ni ba, ya shiga ƙirga hotuna. "Uku. Takarda ta ce huɗu."

"Na masu kamfani? Ɗaya yana rumfata."

"Mai gemu?"

"Shi."

Ya dafe kai. Sannan ya yi mini bayanin da har yau yake kunnena. Ya ce mai gemun nan mutumin Italiya ne, ya rayu shekaru ɗaruruwa da suka wuce. A zamaninsa duk malamai sun yarda cewa mai nauyi yana riga marar nauyi sauka, don haka suka tarar a littafi. Shi ya ƙi karɓa sai ya gwada. Ya yi ta gangaro da ƙwallaye a kan katako yana auna lokaci, har hankalinsa ya kai shi ga cewa in da babu iska, komai tare zai faɗi. Amma a lokacinsa ba a ƙera famfon zuƙe iska ba. Ya rasu bai ga abin da ya gano da idonsa ba. Ya nuna ɗaya cikin ukun da ke gabansa, mai gashi har kafaɗa, ya ce Ba'ingile ne da ya zo bayansa ya fitar da lissafin abin. Ya faɗi sunayensu, amma sun fi ƙarfin harshena.

Na ce, "Wato mai gemun bai sa hannu a takardar karɓa ba sai da ya duba kaya."

Ya dube ni ya ce, "Ashe Bagobiri yana da kai."

A wancan lokacin ba a karatu ranar Alhamis, don haka muna da yini guda. Da safe na dawo masa da hotonsa, na kuma zo da gashi iri-iri a cikin hula: na kaza, na tantabara, na agwagwa, da na zabon maiɗakina, wanda sai da na yi rantsuwa ba yanka shi zan yi ba kafin ta bari na kama shi. Mushe Hamani ya zaɓi ƙaramin gashin ƙirjin zabo, ya ce ɗigo-ɗigonsa zai sa na bayan aji su gani. Ya jefa shi ciki, ya murɗe murfi, ya haɗa tiyo. Na kama famfo na yi ta bugawa har gumi ya jiƙe mini riga. Ya rufe makunni, ya kifa kwalba.

Dalma ta ce ƙwas. Gashin zabo ya biyo baya yana rangaji kamar mai zuwa biki.

Muka sake, haka. Muka sake sau biyar. A na farko na ce, "Na faɗa maka." A na biyar ya ajiye kwalbar, ya ɗauko alƙalami. Ya ce wataƙila famfon ya lalace a hanya, zai rubuta haka a bayan takarda, ya je ya gaya wa mai duba cewa darasi ba zai yiwu ba.

Nan ne aka gwada ni. In ya rubuta famfo ya lalace a hanya, laifi ya koma kan kamfani da ramukan Doso, ni na fita. Amma ni mai sayar da fitila mai famfo ne. Na san famfon da ya mutu, na san wanda ke aiki. Wannan yana ja da ƙarfi, sai dai abin da ya zuƙe yana komawa ta wani wuri. Kuma na san wurin, don ni na goge shi.

Na ce, "Mushe, ajiye alƙalamin. Ba gashi kaɗai na cire ba."

Na gaya masa zancen zoben fata da maiƙo. Na zaci zai yi zagi. Sai ya ce a hankali, "Akwai sauran abin da ka tsabtace? Faɗa mini yanzu, tun ina zaune."

Na ɗauki murfin na hau keke sai Zongo. Na sami wani baduku da nake sayen fatar famfon fitila a wurinsa, ya yanka mini zobe daga fatar akuya mai laushi daidai bakin murfin. Na biya ta wurin masu man kaɗanya na sayi curi guda. Na dawo, na jiƙa zoben da man har ya sha, na shafe bakin murfi da makunni da bakin tiyo, kamar yadda nake yi wa fitilar da ke huci. Na murɗe da kaina. Da na kama famfo, tun bugu na ashirin na ji ya yi tauri, yana ƙwace hannuna.

Mushe Hamani ya ɗaga kwalbar zai kifa, sai ya tsaya. Ya juya mini baya, ya kifa ta shi kaɗai. Na ji ƙwas. Na ce, "Yaya?" Ya ce, "Ka zo gobe ƙarfe goma. Takardarka tana hannuna." Ya ƙi nuna mini, ɗan banza, amma na ga kunnuwansa suna dariya.

Juma'a na sa babbar riga na tsaya a bayan aji kusa da ƙofa. Mai duban wani Bature ne siriri mai tabarau, yana rubutu ba ya ɗaga kai. Hotuna huɗu suna jere a bango. Mushe Hamani ya yi ta Faransanci yana nuna mai gemu. Can sai ya juyo da Hausa ya ce, "Ga wani babban masani daga Gobir, ya shekara yana loda kamiyo. Malam, dalma da gashi, wa zai riga sauka?"

Na ce, "Dalma. Ko a gaban alƙali."

Ya tambayi yara, kusan duka suka bi bayana. Ya kifa kwalba da iskarta a ciki, dalma ta riga. Yara suka yi mini tafi, na ɗaga musu hannu. Sannan ya ce masanin Gobir ya zo ya buga famfo da kansa, kada a ce an yi masa maguɗi. Na buga har ya yi tauri. Ya rufe makunni, ya ɗaga kwalbar sama yadda kowa zai gani, ya kifa.

Gashin zabon maiɗakina ya faɗo kamar dutse. Tare suka sauka.

Ni na san an ce haka za a yi, ni na yanko fatar, ni na shafa man, amma sai da na ji salati ya fito daga bakina. Wata yarinya a layin gaba ta ce a sake. Aka sake. Ya buɗe makunni, iska ta shiga da huci, gashi ya koma rangajinsa. Sai yara suka rufe shi da tambayoyi.

Mai duban ya ajiye alƙalami ya taso. Ya karɓi kwalbar, ya sa aka sake zuƙe ta, ya kifa da hannunsa har sau uku kamar yaro. Sannan ya kai murfin hancinsa ya shinshina, ya dubi gashin mai ɗigo-ɗigo, ya yi tambaya. Mushe Hamani ya ba shi amsa doguwa yana nuna ni. Baturen ya yi dariya har ya cire tabarau. Da muka fito na ce me ya gaya masa. Ya ce, "Gaskiya. Na ce Bagobiri ya ɓata, Bagobiri ya gyara, wannan ne karo na farko a tarihi."

Ya sa mini hannu a takarda a kan sirdin kekena. Bayan ƴan makonni aka tabbatar masa da kujerarsa, kuma ya shekara da shekaru a kanta. Gashin nan bai fita daga kwalbar ba. Har yanzu nakan gamu da dattawa masu furfura, wani injiniya, wani likita, su gaishe ni da "Alhaji mai zabo".

Abin da na koya guda biyu ne. Na farko, a sana'armu hannu mai ƙwazo ya fi hannun rago ɓarna in bai san abin da ya riƙe ba. Abin da ka ɗauka dauɗa ce, wataƙila shi aka yi odarsa. Na biyu, tsofaffin nan na bango ba su fi mu ido ba, sun dai fi mu ƙin yarda da "haka muka saba gani". Na shekara ina kallon kaya suna faɗowa, ban taɓa tambayar me iska ke yi a ciki ba. Mai gemu ya tambaya, ya mutu bai gani ba, ni da na kafa shi a rumfa a matsayin mai kamfani na gani a madadinsa.

Ƙusar da na rataye hotonsa tana nan a bangon tsohuwar rumfar. Duk wanda ya zo yin fenti nakan ce ya bar ta yadda take, kada ya goge.