Minti Ashirin

A ƙauyensu, arewa da Ɗanbatta, idan kaka ta yi aka fara ɗaurin gero, kowa ya san Mati zai biyo baya. Mutum zai gama daminsa, ya ja igiya har jijiyar wuyansa ta fito, sai ga Mati ya durƙusa ya cusa yatsu biyu ƙarƙashin ɗaurin. In suka shiga, kwancewa zai yi ya sake. Ba ya neman izini, ba ya jiran godiya.

"Direba, wannan fa ba Legas za shi ba," in ji Hadi, taubashinsa. "Rumbu za shi, ga shi can kana hange. Ko jakin ma za ka sa masa bel?"

Mati ya yi murmushin da bai wuce leɓe ba, ya ci gaba da ja.

Shekara goma sha ɗaya ya yi yana jan tirela a wani kamfanin dakon kaya, irin mai shimfiɗaɗɗen baya, ba bango ba murfi. Rodi, siminti, bututun ƙarfe, daga kudu har bakin iyaka. Abin da ke tsakanin kayan da jama'ar hanya sarƙa ce kawai, da hannun da ya ɗaure ta. Sarƙa kuwa saki take yi da tafiya. Shi ya sa direba kan sauka lokaci-lokaci, ya bi ta da ɗan ƙarfe yana bugawa yana saurare. Mai tauri amsawa take yi da zaƙi, sakakkiya kuma sai ta yi wani ƙwas, kamar tsohuwar tasa.

Sai kamfani ya liƙa wa motocin na'urar da ke nuna wa ofis inda kowa yake. Aka yanka musu lokacin tsayuwa: daga Kaduna zuwa Daura minti arba'in, da salla da cin abinci da komai. Ka wuce haka waya ta yi ƙara: "Lamba goma sha bakwai, me ya tsayar da kai?" Ba suna, ba sallama. Sau uku aka yi maka wannan tambaya, wani aka miƙa wa mukulli.

Hanyar Daura kuwa ta bakin mahaɗar ƙauyensu take bi. A nan, ƙarƙashin ɗorawa, matarsa Hure kan jira shi da kwanon dambu mai shuɗin murfi. A wata tafiya, mako bakwai rabonsa da ita. Yana ɗauke da bututun ruwa, ya iso bayan Zariya inda ya saba duba sarƙa. Ya rage gudu. Ya dubi agogo. Ya yi salla a Kaduna, minti ashirin suka rage masa, ko dai na sarƙa ko na Hure. Ya mayar da ƙafarsa kan totur.

A wata kwana, gab da wani ƙaramin gari, ya ji ƙwas ɗin nan a bayansa. Cikin madubi ya ga bututu ɗaya ya zame ta gefe, ya ga wani dattijo bisa keke, sannan ya ga farar hula tana gangarawa ita kaɗai a kan kwalta.

Bai tsaya ba. Ya sha gaya wa kansa dalili: jama'a in suka fusata ba sa tambaya, kamfani ma cewa yake kada a tsaya cikin taro. Duk gaskiya ne. Amma Mati ya san inda idonsa ya tafi bayan madubin. Kan agogo ya tafi. Ya je ƙarƙashin ɗorawa ya cinye dambun tas, Hure tana yi masa fifita da gefen mayafinta, tana ba shi labarin akuyar da ta haifi uku. A wurin sauke kaya ya ce a tasha aka sace bututun. Bayan wata biyu ya ajiye mukulli, ya ce wa mutanen gari bayansa ne ya hana shi.

Shekara uku ke nan. Ba ya iya tsayawa bakin rijiya idan ana jan guga mai sarƙa. Amalanken shanu in ya wuce, sai Mati ya tsaya cak ya karkata kunne. Dambu kuwa bai ƙara kai shi baki ba. Hure ta canza tsaki, ta canza zogale, ta aro hannun maƙwabciya, duk a banza.

Ranar da Hadi ya yi masa tsiyar jaki, da azahar Hure ta iso gonar da kwanon mai shuɗin murfi, ta dire shi gabansa a inuwar dammunan.

"Malam, yau dai ko ka ci ko ka faɗa."

"Na ƙoshi, Hure."

"Shekara uku kana ƙoshe? Inna ta ce in koma gida in huta, wai ka gaji da ni, kunya ce ta hana ka furtawa. Na ɗaure kayana tun jiya." Ta yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Ka je ka duba, ƙila ɗaurin bai yi maka ba."

Ya daɗe yana kallon murfin kwanon. Sannan ya faɗa mata duka, har da agogon. Ta zauna daɓas a kan kunyar gona.

"Ashe da ni aka yi, ban sani ba." Ta share fuska. "Ya rasu?"

"Ban sani ba."

"Ba ka sani ba! Kana nan kana sake ɗaure geron mutane, garin yana can bai gudu ba?" Ta rufe kwanon. "Kayana suna ɗaure, Malam. Kai za ka kwance su, amma sai ka dawo daga can."

Da safe ya shiga motar Kano, daga can ya hau ta Zariya. Ya sauka a kwanar. A ƙasa ta fi ƙanƙanta da yadda take a kansa. Akwai rumfar mai rake a gefen titi, an tokare rufinta da bututun ƙarfe, ya yi tsatsa, ya ɗan lanƙwashe a tsakiya. Mati ya ɗora masa tafin hannu. Da zafin rana a jikinsa.

"Baƙo, rake ko tambaya?" in ji mai rumfar.

"Wannan ƙarfen, daga ina?"

"Daga sama, a ce. Wata tirela ta yar da shi kan Malam Sabo mai gyaran rediyo. Kwana tara ya yi a asibiti, Allah ya karɓi abinsa. Kullum yana cewa a bar direban, wataƙila bai gani ba." Ya nuna da wuƙar rake. "Ga gidan can mai koren ƙyaure. Ɗansa Nababa na ciki. Ka san shi ne?"

Mati ya janye hannunsa daga jikin ƙarfen. Ya tsallaka titin, ya tsaya a bakin koren ƙyauren ya yi sallama. Wani magidanci ya leƙo yana gyara hula.

"Wa'alaikumus salam. Daga ina, Malam?"

"Ni ne direban," in ji Mati. "Kuma na gani."