Akushin Baffa Umaru

A ƙarshen shekarun 1980, a gidanmu na Gwandu, kakata Inna Hajo kan hura wutar kara bayan isha'i, mu jikoki mu kewaye ta. Tatsuniyoyinta na dariya ne, ban da guda ɗaya.

A daminar wata shekara ne ɗanta na ƙarshe, Baffa Umaru, ya dawo daga aiki a Zuru yana Kirista. Mahaifina ya ce a kore shi. Aka bar wa Inna hukunci. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne koyarwar da yake maimaitawa: wai ceto kyautar Allah ce, ta bangaskiya ga Almasihu kaɗai, ba sakamakon aikin mutum ba.

Rannan ya zauna a gefen wuta. Inna ba ta dube shi ba.

"Ku matso, ga wata ta zo muku," ta ce. "Ita wagga ba ta yara ba ce."

Wani manomi ya kira gayya, mutanen gari suka taru don taya shi noma. Mutum guda ya rataye fartanyarsa, ya kwanta gindin gawo, yana cewa ya yarda da karamcin mai gona, yardar kuwa ta ishe shi. Da azahar aka kawo fura. Mai gona bai hana shi ba, amma ya zuba masa a wata ƙwarya daban. Tun daga ranar ba wanda ya sake haɗa ludayi da shi.

"Inna," in ji Baffa a hankali, "wane aiki na yi miki kafin ki shayar da ni?"

"Rufe min baki! Na shayar da kai don ka tashi ka riƙe fartanya. Sallata ta shekara sittin, ita ce kake kira banza?"

"Ban ce banza ba. Na ce ba ita ke saye..."

"Tashi min daga wuta."

Ba ta rufe tatsuniyar ba. Washegari aka ware masa akushinsa, aka kife shi nesa da namu. Bayan mako ya ƙaura zuwa Kalgo, bai ƙara kwana a gidan ba.

Yau ina da shekara hamsin, na yi karatu, kuma har yanzu ban karɓi koyarwarsa ba. Ina ganin tana raina gumin mai ibada. Sai dai akwai abin da ya hana ni sakewa. A wancan zamanin, kowace kaka Inna kan ɗora damin gero a motar Kalgo a kai wa Baffa, daga gonar da Baffa bai taɓa nomawa ba, tana tsine masa har motar ta ɓace. Na taɓa tambayarta dalili.

"Bai cancanta ba," ta ce da zafi. "Ɗaure damin da kyau."