Kai Yaya Binta gashi a Abuja

Bayan sallar asuba muka bar Tudun Wada, ni da yayata Binta. Ciwon dajin mama da take fama da shi ya kai ƙashin bayanta, har barci ya gagare ta. Likita ya tura mu Abuja a yi mata gashi. Ya faɗa mana gaskiya: ba zai warkar da ita ba, zafin kawai zai rage. Ni dai kalmar ce ta tsaya mini. Da me ake gasa mutum?

Zariya zuwa Rigasa

Malam Isa direba ya kwantar mata da kujerar gaba, muka tokare ta da filo. Duk ramin da ya hango sai ya lallaɓa. A shingen Jaji wani soja ya leƙo, ya ga fuskarta.

"Allah ya ba ki lafiya, Hajiya. Ku wuce."

A Rigasa muka shiga jirgin ƙasa, don ba ya jijjiga. Shayi kawai ta iya sha.

Abuja

Mun sauka wajen ƙanwar mahaifinmu a Kubwa. Washegari a asibiti aka ɗauki hoton bayanta, aka ɗiɗɗiga mata alama da tawada. Na kasa haƙuri, na tambayi wata ma'aikaciya ko akwai wuta a cikin gashin.

Ta yi dariya. "Babu wuta, Malam. Haske ne da ido ba ya gani, daidai inda ciwon yake ake auna shi."

Ranar gashin aka bar ni a waje. Kafin in gama addu'a ta fito.

"Yaya, me kika ji?"

"Ko ɗumi. Na'urar ta zagaya ni tana ƙugi, shi ke nan."

Abin da ta tambayi likita ɗaya ne: za ta iya ɗaukar jikarta? Ya ce ko yau.

Komawa gida

A hanya zafin ya ƙaru, kamar yadda aka gargaɗe mu. Ta damƙe hannuna har Zariya, ni kuma ina ta zargin kaina. Mun iso da la'asar.

Sati na biyu, wata safiya na shigo gaishe ta, na ji muryarta daga kicin tana yi wa ’yarta faɗa a kan gishirin miya. A tsaye take. Na tsaya a bakin ƙofa ina sauraro, ban so ta daina ba.

Alhamdu lillahi. Allah ya saka wa duk wanda ya taimake mu a hanya.