Malam Harisu da Leda Tamanin

Kafin rana ta yi zafi Malam Harisu ya ɗaure ledoji da ƙarfen haƙa a bayan babur, ya kama hanya. Yau Ƙanƙara, gobe Sheme, jibi inda hali ya yi. Malamin gona ne, sai da furfura ta fito masa ya koma jami'a neman digiri na biyu a kan ƙasar noma. Tambayarsa ɗaya: me ya sa gonar da ta ba uba buhu talatin na masara take ba ɗa sha biyu, alhali taki ƙaruwa ya yi?

Shekara biyu aka ɗiba masa. Yanzu ana cikin ta biyar.

Shekarar da 'yan bindiga suka hana bin hanyar Sabuwa, ya aika wa manoman can ledoji, kowa ya ɗebo ƙasar gonarsa. Leda tamanin ta iso. Da aka gwada, sai ga ƙasa lafiya lau kamar fadama. Hankalinsa bai kwanta ba. Ranar kasuwa ya tare ɗaya daga cikinsu, Baba Mani.

"Baba, daga ina ka ɗebo?"

"Inda shanu suka yi rani mana. Mi, Malam? Kai guda in aiko maka tsandauri? Ai da kunya."

Ashe duk haka suka yi. Kowa ya zaɓo masa mai kyau, yadda ake zaɓo wa baƙo tsoka.

Da ya yi shiru ya rubuta, da tuni ya karɓi takardarsa. Kamilu, abokin aikinsa, yana tsaye ya ga ya juye ledojin a bayan ofis. Malam Harisu ya ce masa, "In na rubuta lafiyarta ƙalau, wa zai sake duba ta?"

Malam, kai ne ka zubar da wahalar shekara guda don kada a yi wa ƙasa ƙarya. Gwiwa ta fara ciwo, jami'a ta ba ka wa'adin ƙarshe zuwa kaka, ga gona sha tara ba ka taka ba. Mun ga gajiyar, mun gode. Allah ya ba ka ikon ƙarasawa. Masu karatun da ke tafe, ga wanda za ku bi.

Makon jiya hanya ta ɗan lafa, ya isa gonar Baba Mani. Tsohon ya wuce da shi can ƙarshe, inda ko ƙarangiya ba ta tsiro.

"To, ga abin kunyar. Haƙa."