Juma'ar da Aka Bar Ni da Rauta

Ban taɓa mantawa da ranar Juma'ar da aka bar ni ni kaɗai da rauta ba. Lokacin ina shigar da bayanai a wani shagon kwamfuta a Ƙofar Kwaya, kafin in ajiye aiki in koma kula da gidana. Rauta ita ce 'yar akwatin nan mai ƙyafta fitilu da ke raba wa kwamfutoci intanet.

Injiniya Kabiru, mai kula da na'urorinmu, ya ce manhajar cikinta ta tsufa, sai an sabunta. Ba a yin aikin sai lokacin da babu jama'a, kuma in wuta ta yanke ana tsakiyarsa, rautar ta mutu ke nan. Shi da mai shagon, Alhaji Sani, suka zaɓi lokacin sallar Juma'a, wai babu kowa. Da sun tambaye ni, da na gaya masu lokacin ne mata ke zuwa, saboda babu turmutsutsun maza.

Kabiru ya fara aikin, ya ce, "Malama Hadiza, minti ashirin ne, kada ki taɓa komai." Suka tafi masallaci da makullin janareto a aljihu.

Fitarsu ke da wuya sai ga mata, cikinsu har da Hajiya Mairo da jikarta Zainab. Ranar ake rufe rajistar makarantar koyon jinya, kuma ita Zainab ta zo yi. Muna cikin gaisawa aka ɗauke wuta. Inbata, na'urar da ke ba mu wuta daga batir, ta karɓa, amma batirinta ya gaji, ta hau kuka. Na kira Kabiru, wayarsa a kashe.

Na yi bismilla na karya umarninsa. Na cire firij, na kashe kwamfutoci, na zare cajar kowa, har fanka, don ragowar wutar ta ishi rautar.

Hajiya ta ce, "Ke ɗiyar nan, gasa mu za ki yi?"

Na ce, "Hajiya, ko fanka ko karatun Zainab."

"To mi kike jira? Kashe har ƙwan!" Ta jawo kujera ta hau yi wa akwatin fifita da gefen mayafinta, wai kada ya suma. Zainab kuwa idonta ya ciko, bakinta sai salati.

Can jar fitilar rautar ta koma koriya, alamar aikin ya kammala. Ba a yi minti biyar ba inbata ta mutu. Da suka dawo aka tada janareto, muka gama rajistar kafin la'asar. Na koma bayan kantar shagon na yi sujadar godiya.

Kabiru ya ba Hajiya haƙuri kansa a sunkuye. Daga nan aikin sabunta rauta ya koma Lahadi, shi kuma ba ya tashi sai ya gama.

Ku da ke aikin yanzu, kafin ku ce babu kowa, ku tambayi wadda ke zaune a bakin ƙofa.