Ƙwayayen Amani da Karsanar Goggo Azumi

Duk wanda ya taɓa kai salularsa sharji a bakin tashar Dakoro ya san Amani. Dogo ne siriri, yana zaune ƙarƙashin rumfar kwano da pano biyu na hasken rana a samanta, wayoyin mutane jere a gabansa kowace da lambarta. Ni malamin lissafi ne a kolej, Mushe ake ce mini kamar kowane malamin boko a nan, kuma shekara huɗu ke nan ina zuwa rumfar bayan an tashi lakwal. Ba sharji ke kai ni ba, wasan dodanni ne.

Wasan a waya ake yinsa. Mutum yana tara dodanni, na ruwa da na wuta da na ƙasa, idan za su yi faɗa sai ya jera duwatsu masu launi uku-uku, kamar dai dara. Kowace safiya ana ba ɗan wasa ƙwai ɗaya kyauta, ya taɓa shi ya fashe, dodo ya fito. Akwai wani farin dodo mai ƙaho da kowa ke mafarki, masu wasan kuwa sun rubuta ƙarara cewa ɗaya cikin ɗari ne.

A kan wannan ɗaya cikin ɗarin muke kashe bakinmu kullum. Abdurrazak tela, maƙwabcin rumfar, ba ya fasa nasa sai bayan la'asar, sai ya goge fuskar wayar da bakin riga. Ya rantse cewa wanda ya fasa casa'in da tara, na ɗarin dole farin dodon ne. Na yi masa bayani har makogwarona ya bushe, amma tela ya riga ya yanke, ba ya sake awo.

Amani ba ya shiga gardamar. A jera duwatsu babu na biyunsa, don ya yi ƙuruciyarsa yana dara a rairayin Tagriss a bayan shanu. Mu muna ganin motsi ɗaya, shi yana ganin huɗu. Dodanninsa gama-gari ne, irin waɗanda muke zubarwa, amma da su yake kada mu. Kowanne ya raɗa masa sunan saniya, kuma bai taɓa yar da ko gurgu ba.

Abu ɗaya ne ba ya yi: ba ya fasa ƙwansa da hannunsa. Sai ya miƙa wa duk wanda ke kusa wayar ya ce, "Taɓa mani." Da farko dariya muke yi. Daga baya na ji dalilin, na daina dariyar.

A farin 2010 Amani na da shanu ashirin da uku, gadon mahaifinsa. Ya kora su kudu neman ciyawa, ya dawo da sanda da igiya. Wasu sun yi asara irin tasa, amma su sun ce fari ne, shi kuwa ya ce hannunsa ne. Tun daga nan bai sake riƙe ko akuya ba.

Ƙanwar mahaifinsa, Goggo Azumi, tana Tagriss da ƴan shanunta, kuma kowace shekara sai ta aiko masa da maganar habbanaye. Al'ada ce ta makiyaya: a ba wanda ya rasa dabbobi aron karsana, ya riƙe ta har ta haihu, ƴaƴan su zama nasa, uwar ta koma gida. Kowace shekara sai ya ce a gaishe ta. Bana ta kira shi da kanta, ina zaune, muryarta na fita daga wayar har tela na ji.

"Amani, na tsuhwa. In ruwa ya sauka shanu za su yi arewa, kuma ni ba ni sake tambaya. In ba ka zo ba, wani zan ba."

Ya ce, "Goggo, ki bar ta ta rayu. Kin san hannuna."

Ta kashe wayar ba sallama. Gajimare kuwa ya riga ya fara taruwa ta gabas, ruwan farko bai fi mako biyu ba.

Washegari ya miƙo mini wayarsa kamar kullum. Raina ya ɓaci, na ce ba zan taɓa ba. Na tashi na sayo gyaɗa wurin mai tallan tasha, na ƙirga ƙwaya ɗari a cikin hular tela, na shafa wa ɗaya tawadar jan alƙalamina. Na ce kowa ya rufe ido ya zaro ɗaya, ya duba, ya mayar.

Abdurrazak ya zara sau talatin bai samu ba. Ni na zara, ban samu ba. Wani direba da ya zo karɓar wayarsa ya sa hannu sau ɗaya, sai ga ja, ya jefa ta baki ya yi gaba, sai da muka shafa wa wata. Tela ya ce, "Kun gani? Wanga yana da ƙashin arziki."

Na ce, "Hula ba ta san hannun direba ba. Ba ta san ka zara talatin ba. Kowace zara sabuwa ce, ba ta tuna jiya."

Tela nake wa magana, amma Amani ne ya ji. Ya daɗe yana kallon hular, sannan ya ce, "Mushe, ke nan ba ta riƙe mutum a zuci?"

"Ba ta da zuciyar."

"To in haka ne, mi ya ci shanuna?"

"Fari, Amani. Abin da ya ci na kowa."

Na ga ya kamata in gaya masa sauran gaskiyar, don lissafi ba ya lallashi. Na ce farin zai iya dawowa baɗi, hular da ba ta ƙi shi ba, ba ta kuma yi masa alkawari ba. Ina faɗa na ji tsoro ya kama ni, kada in zama na rushe abin da na fara ginawa.

Ya ce, "Wanga na sani. Ko a wasan ai ba ni ke zaɓen duwatsun da ke hwaɗowa ba. Jerawa dai ta rage gare ni."

Ya ɗauki wayar, ya sa yatsa a kan ƙwan da kansa. Ƙwan ya fashe, wani ɗan dodon laka mai kama da kwaɗo ya fito, irin wanda yake da shi guda goma sha ɗaya. Tela ya ja tsaki. Amani ya yi ta dariya har ya share ido da hannun riga, ya kuma raɗa wa kwaɗon suna.

Kwana uku rumfar na rufe, mutane na zagin rashin sharji. A na huɗu na tarar da shi a wurinsa, tafin hannunsa na dama ya saɓule da jan igiya. A bayan rumfar, a inuwar itacen bedi, ga wata jar karsana ramammiya tana hararar motoci. Ba wata kyakkyawa ba ce, in faɗi gaskiya. Ya ce Goggo ba ta yi masa dogon zance ba, ta dai miƙa masa igiyar ta ce ya daɗe.

Abdurrazak ya leƙo da wayarsa, ya ce la'asar ta yi, a zo a fasa. Amani ya duba rana, ya duba karsanar, ya jawo bokiti daga ƙarƙashin tebur.

"Mushe, tsare mani wayoyin mutane," in ji shi. "Ba ta sha ruwa ba tun hantsi."